Kalma ɗaya a Ingilishi, biyar a Faransanci: yadda ake fassara "leave"

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni matashi ne a Kano, ina aiki a ofishin wani kamfanin jigilar kaya da ke hulɗa da 'yan kasuwa a Yamai da Kwatano. Na yi Faransanci a sakandare, na ƙara da kwas na wata tara, shi ya sa maigidana ya ɗora mini fassara saƙonninsa daga Ingilishi. Kalma ɗaya ce ta hana ni sakat, wato "leave". Makon jiya ya rubuta "Our manager left us last week", yana nufin manajanmu ya bar aiki. Na fassara "Notre directeur nous a quittés la semaine dernière". Kashegari sai ga saƙon ta'aziyya daga Kwatano. Kafin nan ma na taɓa rubuta "Le chauffeur a quitté les marchandises au magasin et il a parti à 6 heures", wanda aka aika wa ya bugo waya yana tambayar abin da nake nufi. Ƙamus ya ba ni partir, quitter, laisser da sortir, na rasa wadda zan ɗauka. Har yanzu ban gaya wa maigidana abin da ya jawo ta'aziyyar ba. In ce masa ba zan iya aikin ba, ko akwai gyara?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai gyara, kuma kada ka ajiye aikin.

Mu fara da abin da ba ya jira. Mutanen Kwatano suna can sun ɗauka bawan Allah ya rasu alhali yana nan da ransa, ga shi labarin mutuwa ba ya zama wuri ɗaya. Yau ɗin nan, kafin a tashi daga ofis, ka sami maigidanka ka gaya masa daga fassara aka samu matsalar, kuma ka je masa da gyaran a rubuce. Ga abin da za ka aika: "Veuillez nous excuser : une erreur de traduction s'est glissée dans notre dernier message. Notre directeur se porte bien. Il a simplement quitté ses fonctions la semaine dernière. Nous vous remercions de votre sollicitude." Ma'anarsa, ku yi mana afuwa, kuskuren fassara ne ya shiga saƙonmu na baya, manajanmu yana nan lafiya, muƙaminsa kawai ya bari a makon jiya, mun gode da kulawarku. Gara ya ji daga bakinka yau da ya ji daga Kwatano jibi.

Ka kuma sani cewa jimlar da ka rubuta ba ta da aibi ko ɗaya ta fuskar nahawu. Har harafin s da ke ƙarshen quittés ka sa shi a muhallinsa, kuma masu koyo da yawa ba sa sa shi. Abin da ya faru shi ne masu Faransanci sun mayar da "il nous a quittés" lafazin sanar da rasuwa cikin ladabi, kamar yadda mu muke cewa wane ya riga mu gidan gaskiya. Da ka ƙara inda ya koma, misali "il nous a quittés pour une autre entreprise", babu wanda zai kawo mutuwa a ransa. Da ka bar jimlar tsirara, sai mai karatu ya ɗauki ma'anar da ya saba gani a sanarwar jana'iza.

Yanzu ga asalin matsalar. Kana tsallakawa daga Ingilishi kai tsaye zuwa Faransanci, ka bar Hausa a gefe, alhali ita ce ta fi iya taimakonka a wannan wurin. Ingilishi ya tara ayyuka da yawa ya cusa su cikin kalma guda. Faransanci ya rarrabe su, Hausa ma ta rarrabe su, kuma kusan iyakokinsu ɗaya ne. Don haka matakin farko, kafin ka taɓa ƙamus, ka faɗi jimlar da Hausa kamar kana ba wani labari a bakin ofis. Ɗauki jimlar direban nan. Bahaushe zai ce: direba ya ajiye kaya a sito, ya tafi da ƙarfe 6. Ka ga kalmomi biyu sun fito, ajiye da tafi, inda Ingilishi zai maimaita left sau biyu, ɗaya ta barin kaya, ɗaya ta tafiya. Rabin aikin ya ƙare tun ba ka rubuta harafin Faransanci ko ɗaya ba.

Duk inda Hausa ta ba ka tafi ko tashi ko kama hanya, partir kake nema. Abu uku za ka riƙe game da ita. Na farko, aikatau ce ƙi-karɓau, wato ba ta ɗaukar karɓau (sunan abin da aikin ya faɗa a kansa), don haka ba a jingina mata sunan wuri kai tsaye. Babu "partir Kano". Wurin da aka baro yana zuwa da de, wurin da aka nufa yana zuwa da pour: "Le camion part de Kano pour Niamey lundi." Na biyu, a shuɗaɗɗen lokaci da mataimakin aikatau être (irin est da sont) take tafiya, ba da avoir (irin a da ont) ba, nan ne "il a parti" ɗinka ya karye. Daidai shi ne "il est parti". Na uku, tunda être ce, ƙarshen kalmar yana bin jinsi da adadin mai tafiyar: le camion est parti, la voiture est partie, les camions sont partis, les marchandises sont parties. A baki duk huɗun sauti ɗaya ne, shi ya sa wanda ya koyi harshen da kunne yake faɗuwa a nan idan aka zo rubutu.

Ka lura sosai da ƙaramar kalmar nan for a Ingilishi, don tana juya alƙiblar mota gaba ɗaya. "He is leaving for Niamey" zai nufi Yamai ne, "il part pour Niamey". "He is leaving Niamey" kuwa barin Yamai zai yi, "il quitte Niamey" ko "il part de Niamey". Mai fassara cikin gaggawa ya tsallake for, sai a jira mota a garin da ta baro. Sannan lokaci: a takardun Faransanci da awa 24 ake lissafi. "6 h" ta safe ce. In ta yamma kake nufi, "18 h" za ka rubuta. "Has just left", wato yanzun nan ya tafi, ita ce "il vient de partir". In kuma ka ga "à partir de" a saƙon da aka aiko muku, babu tafiya a ciki, daga kawai take nufi, kamar "à partir du 1er mars", daga ɗaya ga Maris.

Inda Hausa ta ce fita, sortir ce. Wannan ta fi amfani a waya. Wani ya bugo yana neman akanta, aka ce maka "he has left". Tambayi kanka da Hausa: ya fita ne zai dawo, ko ya tashi aikin yau, ko ya bar kamfanin? In ya fita ne, "il est sorti". In ya tashi, "il est parti" ko "il a quitté le bureau". In ya bar kamfanin, "il ne travaille plus ici". Amsoshi uku ne, kuma kowace tana sa mai bugowa ya yi abu dabam: ya sake kira bayan awa ɗaya, ya bari sai gobe, ko ya nemi wanda ya gaje shi.

Akwai wani abu a sortir da ke wahalar da masu Ingilishi, amma Bahaushe ya riga ya san shi tun yana goye. Muna da fita, muna da fitar da. Faransanci kalma ɗaya yake amfani da ita, sai ya canza mataimakin aikatau. Kwantena ta fita daga tashar jirgin ruwa: "le conteneur est sorti du port". Wakilinmu ya fitar da kwantena: "le transitaire a sorti le conteneur du port". Fita da être, fitar da da avoir. Haka abin yake a descendre, sauka da sauke, da rentrer, shiga da shigar da. Idan ka rasa wanne za ka sa, ka saurari Hausarka, in ka ji "da" ko ka ga wani ne ya yi wa abin aikin, avoir ce.

To, ga inda Hausa take gazawa, kuma a nan muke so ka fi daɗewa. Kalmarmu bari, ko bar, ta haɗa abu biyu da Faransanci ya raba. Muna cewa na bar gida da asuba, muna kuma cewa na bar makulli a gida. Na farko quitter ne, na biyu laisser. Kuskurenka na "a quitté les marchandises" daga wannan mararrabar ya fito.

Bambancin yana ga wanda ake ba da labarinsa. A quitter, labarin mai tafiya ake yi: ya rabu da wani wuri, ko wani mutum, ko wani matsayi. A laisser, labarin abin da aka bari ake yi: yana ina, a hannun wa, a wane hali. Ga gwajin da za ka yi a zuci cikin daƙiƙa biyar. Cire bar, sa "tashi daga" ko "rabu da". In jimlar ta zauna, quitter ce. Na bar Kano, na tashi daga Kano, ta zauna: "j'ai quitté Kano". In ba ta zauna ba, gwada "ajiye" ko "ƙyale". Direba ya bar kaya a sito. Ya tashi daga kaya? Ba ta yi ba. Ya ajiye kaya a sito? Ta yi. Ke nan laisser ce: "Le chauffeur a laissé les marchandises à l'entrepôt et il est parti à 6 h." Wannan ita ce jimlar da ta kamata ka aika tun farko. Wata alama kuma, laisser kusan kullum tana jan wata magana a bayanta, a ina aka bari, wurin wa, a buɗe ko a rufe. Quitter kuwa da ta kama karɓau ɗinta ta gama.

Gwajin yana da rami ɗaya, mu nuna maka shi. "Ajiye aiki" salon maganarmu ne, ba ajiya ba ce ta gaske. Wanda ya ajiye aiki ya rabu da aikin ne, don haka "quitter son emploi" ko "démissionner" za ka rubuta.

Idan mutum ne aka bari, sai ka ƙara taka-tsantsan, domin a nan kuskure yana taɓa mutunci. "J'ai laissé ma femme à Maradi" yana nufin na baro maiɗakina a Maraɗi, tana can, zan koma ko za ta biyo ni. "J'ai quitté ma femme" yana nufin mun rabu, auren ya mutu. Na kai yara wurin kakarsu na baro su, "j'ai laissé les enfants chez leur grand-mère". Ba za mu ba ka shawarar sa quitter a gaban sunan mutum ko nous ko vous a wasiƙar kasuwanci ba, sai dai a magana ta baki lokacin sallama, inda "je vous quitte" ko "je vous laisse" suke nufin bari in tafi. A rubuce, ka ba quitter wuri ko matsayi: quitter le bureau, quitter le port, quitter l'entreprise, quitter ses fonctions.

Abu biyu kuma game da quitter. Ba ta ɗaukar de. "Quitter de Kano" kuskure ne da ake yawan yi saboda ana gauraya ta da "partir de Kano". Kuma a daidaitaccen Faransanci ba ta tsayawa ita kaɗai babu karɓau. Za ka ji direbobi da 'yan kasuwa a ƙasashen Afirka ta Yamma suna cewa "il a quitté" kawai, ko "quitte là", kowa kuma yana ganewa, Faransancin titi ne mai rai, ba abin raini ba ne. Amma kada ka kai shi takardar da za ta je banki ko ofishin kwastan ko gaban mai jarrabawa. Wuri ɗaya da aka yarda ta tsaya ita kaɗai shi ne a waya, "ne quittez pas", wato kada ka kashe, riƙe layin.

Batun manajan naku yana da wani ɓangare da ya kamata ka gani. Left na Ingilishi bai faɗi ko shi ya ajiye ko sallamarsa aka yi ba. Faransanci yana da kalma ga kowanne: démissionner ga wanda ya yi murabus, être licencié ga wanda aka sallama, prendre sa retraite ga wanda ya yi ritaya, être muté ga wanda aka yi wa canjin wurin aiki. Idan maigidanka bai fayyace ba, ba aikinka ba ne ka fayyace masa. "Il a quitté ses fonctions" tana rufe abin da Ingilishin ya rufe, shi ya sa muka zaɓe ta a takardar gyaran. Mai fassara da ya rubuta an sallami mutum alhali da kansa ya tafi ya ɓata masa suna a kasuwar da zai nemi abinci gobe.

Laisser tana da faɗi, amma yawancin wurarenta Hausa ma bar take sawa, don haka ba za ta ba ka wahala ba. Bar saƙo, "laisser un message". Bar ƙofa a buɗe, "laisser la porte ouverte". Ƙyale ni, "laisse-moi tranquille". Bar shi ya wuce, "laissez-le passer". "Leave it to me", wato bar ni da shi, an fi cewa "je m'en occupe" ko "laissez-moi faire". Har a sanarwar rasuwa harsunan biyu sun dace: ya rasu ya bar mata da 'ya'ya uku, "il laisse une veuve et trois enfants".

Sai dai a sana'arku ta jigila laisser ta cika sako-sako, kuma kuɗi yana bin kalma. "The driver left the goods" tana iya zama abu huɗu. In ajiyewa ya yi a wurin da aka tsara, déposer ce. In saukewa ya yi daga mota, décharger. In ya damƙa wa mai kaya an sa hannu a takarda, livrer, takardar kuma ita ce "bon de livraison". In watsar da kayan ya yi ya kama gabansa, abandonner, kuma wannan zargi ne, kada ka rubuta ta sai da tabbaci. Ranar da buhu goma suka ɓace, bambancin déposer da livrer shi ne zai nuna a hannun wa suka ɓace. Haka nan "he left the papers at the border". Ya miƙa takardun ne ga jami'ai a iyaka, ko mantawa ya yi? In mantuwa ce, oublier: "il a oublié les papiers à la frontière". In miƙawa ce, "il a remis" ko "il a déposé". Babu ƙamus ɗin da zai gaya maka wanne ne ya faru. Sai ka tashi ka tambayi wanda ya rubuta, kuma yin wannan tambayar alamar ƙwarewa ce, maigida mai hankali zai ji daɗinta.

Magasin da ka sa ba laifi ba ce, a yankinmu ana kiran sito da ita, daga nan ma Hausar Nijar ta samo mangaza. Amma tana kuma nufin kanti, don haka entrepôt ta fi tsare ka daga ruɗani.

Akwai left guda biyu da babu bari ko tafiya a cikinsu ko kaɗan. Ta farko ita ce hagu, gauche, wannan ba za ta ruɗe ka ba. Ta biyu ita ce saura. "There are 40 bags left", saura buhu 40. Kada ka rubuta "40 sacs sont laissés". Kalmar ita ce rester, kuma da il ake fara ta: "il reste 40 sacs". Reste ɗin ba ya komawa jam'i ko buhu dubu ne. Saura buhu 40 a hannunmu, "il nous reste 40 sacs". In an riga an ambaci buhunan, "il en reste 40". Babu saura, "il ne reste plus rien". Ragowar kuɗin da ba a biya ba kuma "le reste à payer" ko "le solde". Ka kiyaye, rester ba hutawa ba ce duk da kamar da ta yi da rest na Ingilishi, zama ko saura take nufi. Hutawa "se reposer" ce.

Idan leave ta zo a matsayin suna, wato hutun aiki, congé ce. Yana hutu, "il est en congé". Hutun shekara "congé annuel", na rashin lafiya "congé de maladie", na haihuwa "congé de maternité". Ga wani tarko ƙarami: "prendre un congé" ɗaukar hutu ne, amma "prendre congé de quelqu'un", babu un, yin sallama da mutum ne. Congédier kuwa korar ma'aikaci ce. Kalmomin 'yan gida ɗaya ne, sai ka duba sau biyu.

Ba mu ce komai a kan s'en aller ba don ba za ka buƙace ta a wasiƙa ba. Ta baki ce: "je m'en vais", na tafi. "Va-t'en" da "allez-vous-en" kora ce, daidai da tafi ka ba ni wuri, sai ka san su don ka gane in an faɗa.

Wani abu na rubutu da zai bambanta takardarka da ta ɗan koyo: quitter da laisser suna tafiya da avoir, ƙarshensu ba ya canzawa, sai in karɓau ya riga aikatau zuwa. "Il a laissé les marchandises", babu ƙari. Amma "les marchandises qu'il a laissées", an ƙara es, "les sacs qu'il a laissés", an ƙara s. Wannan ƙa'idar ce ka bi ba tare da ka sani ba a "nous a quittés". Idan kuwa wata aikatau ta biyo bayan laissé, gyaran ƙa'idojin rubutun Faransanci na 1990 ya ba da shawarar a bar ta yadda take: "je les ai laissé partir". Bi wannan, ta fi sauƙi kuma karɓaɓɓiya ce.

Game da ƙamus, ba laifinsa ba ne, yadda ake karanta shi ne. Babban ƙamus na Ingilishi da Faransanci yana raba leave gida-gida. Nemi alamar vt, wato so-karɓau, a nan za ka tarar da quitter da laisser. Nemi vi, ƙi-karɓau, a nan partir take. Alamar n suna ce, a nan congé take. Qn yana nufin wani mutum, qch yana nufin wani abu. Kada ka ɗauki kalmar farko da idonka ya faɗa a kai, ka gangara cikin misalan har ka sami jimlar da ta yi kama da taka. In ka zaɓa, sai ka duba kalmar a ƙamus na Faransanci zalla, irin Larousse ko Le Robert, ka karanta duk ma'anoninta. Da ka yi haka da quitter, da ka ci karo da ma'anar rasuwa.

Manhajojin fassara na waya suna da amfani, amma ka san iyakarsu. Ba su san ko direba ya manta da takardu ko ya miƙa su ba. Kuma dabarar da mutane ke yi ta mayar da fassarar zuwa Ingilishi don a tabbatar ba ta kama irin kuskurenka: "nous a quittés" tana iya dawo maka "left us", ka ga ta yi daidai da ta maigida, ka aika hankali kwance. Mayarwar da ke kama kuskure ita ce zuwa Hausa. Karanta Faransancin da ka rubuta, ka tambayi kanka, in baƙo ne ya karanta wannan, wane labari zai ba wani?

Ga aikin da muke so ka yi na mako biyu, minti goma sha biyar kullum. Ka buɗe tsofaffin saƙonnin maigidanka, ka fitar da jimloli ashirin masu leave ko left. Ka ja layi uku a littafi: Ingilishi, Hausa, Faransanci, kuma kada ka cike na uku sai ka cike na biyu. Sannan ka bi saƙonnin da mutanen Yamai da Kwatano suke aiko muku, duk inda ka ga partir, quitter, laisser, déposer, livrer ko rester, ka kwafe jimlar ɗungurungum. Su ne malamanka na kusa, don da kalmomin sana'ar suke rubutu. In ka gama da leave, ka yi wa get da take haka. Know kuwa za ta yi maka irin abin da bar ta yi, domin sani a Hausa ta haɗa savoir da connaître, sai ka ba ta nata makon. Idan da hali ka koma aji, ka sa jarrabawar DELF matakin B1, wato jarrabawar shaidar iya Faransanci a matsakaicin mataki, a gaba, cibiyoyin Alliance Française suna shirya mutane dominta, takardarta kuma za ta yi maka amfani a wannan ofis ko a wani.

Bari mu gwada duka a saƙo guda irin wanda zai iya zuwa teburinka gobe: "The truck left Kano on Monday. The driver left 200 bags at your warehouse and will leave for Cotonou tomorrow at 6 pm. There are 40 bags left. Our accountant is on leave, so leave a message with the secretary." Sau shida kalmar ta fito. Da Hausa: mota ta tashi daga Kano ran Litinin, direba ya ajiye buhu 200 a sitonku, zai kama hanyar Kwatano gobe da ƙarfe 6 na yamma, saura buhu 40, akantanmu yana hutu, sai ku bar saƙo wurin sakatare. Da Faransanci: "Le camion a quitté Kano lundi. Le chauffeur a déposé 200 sacs à votre entrepôt et partira pour Cotonou demain à 18 h. Il reste 40 sacs. Notre comptable étant en congé, veuillez laisser un message au secrétariat."

Kafin ka danna aikawa, akwai tambaya ɗaya da za ka kai wa maigida: buhu 40 ɗin nan a ina suke? In a mota suke, ka rubuta "il reste 40 sacs dans le camion". In a sitonku na Kano suke, "il nous reste 40 sacs à Kano".